Iskar da na rage a hanyar Basunda

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga mahaifinka Idirisu, mai ɗinkin buhu a kasuwar Gadarif, zuwa ga ɗana Siddiƙu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya kai ka Hawata lafiya, ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare duk wanda zai hau motarka. Amin.

Gwaggonka Amina ce za ta miƙa maka wannan gobe kafin ka tashi, tare da wani ɗan ƙunshi a cikin tsumma. Kada ka kwance ƙunshin sai ka kai ƙarshen takardar. Ni ba zan zo rakiya ba. Wata uku ke nan rabon da mu haɗa ido, tun ranar da ka gaya mini ka karɓi tuƙin boksin, a-kori-kurar ɗan kasuwar nan na Hawata, na ce in ka hau motar kada ka ƙara taka mini gida. Na janye wannan magana, ya waladi, ɗana. Tsoro ne ya sa na faɗe ta, kuma yau zan gaya maka ko tsoron mene ne. Ban sa rai za ka saurare ni ba, domin ban bar maka dalilin saurarona ba.

Shekaranjiya da azahar ina zaune a rumfata, sai na hango ka shigo layin masu riɗi, bayan motar cike da kaya. Ba ka gan ni ba. Ka sauko, ka zagaya, ka shuri tayar baya da ƙafa, ka ɗora tafin hannu a kanta, ka janye da sauri saboda zafi. Sannan ka tsuguna, ka zaro tsinken ashana, ka danna bawul. Duk da hayaniyar kasuwa na ji ƙarar iskar tana fita. Wallahi basilla ce ta suɓuce daga hannuna. Maƙwabcina mai igiya ya zaci suga ne ya tashi mini, har ya kawo ruwa. Ban iya gaya masa cewa kaina na gani ba, ni na shekara ashirin da suka wuce, hatta yadda kake karkata kai in ka tsuguna. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni kuwa da ma rarrafen ka yi.

Abin da aka gaya maka shi ne na taɓa yin tuƙi, taya ta fashe, mota ta kife, mahaifiyarka ta rasu, hannuna na hagu ya mutu, kai kuma ka samu tabon nan na goshinka. Duk gaskiya ne. Sai dai ba a gaya maka abin da ya fasa tayar ba, domin mu biyu ne kawai muka sani, kuma ɗayan ya daɗe a kabari.

Wanda ya koya mini tuƙi wani dattijo ne da ake kira Usta Bashir. Ranar da ya sallame ni, ya ba ni mizanin iska, ɗan ƙarfe ne mai tsawon alƙalami, naɗe a takarda. Ya ce mini, “Ya Idiris, ido yana ƙarya, ƙafa tana ƙarya. Wannan ba ya ƙarya.” Na yi godiya, na jefa shi cikin durowar mota, ban ko warware takardar ba. Lokacin ina ji da kaina. Nakan ɗauki sifana in ƙwanƙwasa taya, in kasa kunne, in ce wannan ta ƙoshi, waccan tana so kaɗan. Direbobi a wurin mai shayi suna zuga ni, wai kunnen Usta Idiris ya fi mizani. Ni kuma gogan naka sai in gyara zama in ƙara sukari. Ka ji wauta. Buhun dawa ma ba wanda zai yarda a ƙiyasta masa shi da ido a kasuwar nan, sai an ɗora a sikeli, amma ni na ɗora rayukan mutane a kan ƙarar sifana.

Saboda haka ka ji. Kowace mota da iskar da aka yanka mata, kuma ba zan rubuta maka lamba ba, don kada ka riƙe tawa ka bar ta motarka. Ka buɗe ƙofar direba, ka duba jikin ƙarfen da ƙofar ke rufewa a kai, za ka ga wata 'yar takarda a liƙe. A nan aka rubuta awon iska, ratali nawa tayar gaba ke so, nawa ta baya ke so, da kaya da kuma ba kaya. In ta goge, ka nemi littafin motar, ko ka duba a jikin wata mota irin taka sak. Lambar da ke rubuce a gefen taya kuwa iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba a ce ka cika ta har can ba. Masu banshar, wato masu facin taya, da yawa ita suke dubawa su yi ta ɗura iska har taya ta yi tauri kamar dutse, mota ta riƙa tsalle, birki ya ƙi kamawa. Ka tsaya a kan mai banshar, ka faɗa masa lambarka, in ya gama ka gwada da naka mizanin. Ka gwada da safe, taya na sanyi, kafin motar ta taka hanya. Har da tayar ajiya, wadda kowa ke mantawa da ita sai ranar da ya neme ta ya tarar ta sace.

Allah bai kama ni ba gargaɗi ba. Tayoyina sun riƙa cinyewa ta gefe biyu, tsakiya na nan da sauranta. Wannan alamar ƙarancin iska ce, kamar yadda cinyewar tsakiya ke nuna iska ta yi yawa. Usta Bashir ya taɓa nuna mini da yatsa. Na ce masa laifin lastik ne, wato tayar zamani ba ta da ƙarko. Ka riƙa shafa tayarka da hannu kana duba inda take cinyewa, domin tana faɗin damuwarta tun kafin ta fashe.

To, ga ranar.

Ƙarshen damina ne, lokacin yankan riɗi. Ka san yanayin: sama ta fara janyewa, rana tana dukan mutum kamar da gayya, amma ƙoramu ba su bushe ba. Mahaifiyarka Asiya ta je Basunda bikin sunan ɗan ƙanenta, ta tafi da kai, kana shekara huɗu. Ni kuma na samu lodin riɗi daga can, sai na ce in ɗauko ku gaba ɗaya. Wurin zama na gaba nata ne. Amma akwai wata tsohuwa mai ciwon ƙafa da za ta asibiti a Gadarif, sai mahaifiyarka ta bar mata wurin, ta ɗora ka a cinyar tsohuwar don kada rana ta dake ka, ita kuma ta hau baya ta zauna a kan buhuna tare da wasu maza uku masu yankan riɗi. Halinta ke nan. Ban hana ta ba.

Daga Basunda kafin ka hau zalat, kwaltar da ke kawo ka Gadarif, sai ka ratsa baƙar lakar nan tamu mai kama taya kamar danƙo. Da muka iso wata ƙorama, na yi abin da kowane direban ƙasar nan ke yi. Na sauka na rage iskar tayoyin duka huɗu don su baje su kama ƙasa. Wannan dabara ce mai kyau, ba laifi a cikinta, kuma ta fitar da mu. Laifina shi ne da ƙiyasi na rage, ban san nawa na cire ba, ban san nawa ya saura ba, ga shi ba ni da famfo a motar. Na ara wa wani tun farkon damina ban bi sawu ba.

In laka ko yashi ya tilasta maka rage iska, ka rage kaɗan, da mizani a hannunka, ka tafi a hankali kamar mai rakiyar gawa. Ka ɗauki iskar nan tamkar amana ce da ka ajiye a bakin ƙorama, dole ka mayar da ita kafin tayarka ta taɓa zalat. Kada ka bar Hawata ba famfo a motarka, ko na ƙafa ne. In maigidanka ya ce ba shi da shi, ka sayar da takalminka ka saya.

A daidai inda hanyar ƙasa ta haɗu da zalat akwai mai banshar da injin iskarsa a ƙarƙashin wata bishiya. Motoci uku na tarar a layi, duk irina ne, sun fito daga laka suna jiran a mayar musu da iska. Na dubi gabas, na ga hadari ya fara haɗuwa, ga riɗi a buɗe ba tamfol. Na dubi tayoyin ta taga, na ce a raina ai za su kai. Na taka mai zan wuce, sai na ji ana buga rufin mota. Na tsaya. Mahaifiyarka ce ta sunkuyo ta gefen taga.

Ta ce, “Malam, ka tsaya a mayar da iskar. Ai ba gudu garin yake yi ba.”

Ka san abin da na ce mata? A gaban tsohuwar nan, a gaban mazan da ke baya, a gaban direbobin da ke layi, na ce yaushe mata suka fara sanin lastik, ta koma ta zauna ta ji da buhunan. Aka yi dariya. Dariyar ta yi mini daɗi, Siddiƙu, wannan ne abin da har yau nake kasa haɗiyewa. Na ja mota na hau zalat.

Duk wanda ya ce maka tsaya ka duba taya, ka tsaya, ko da mahaukacin tasha ne. Ba a tambayar mai gargaɗi takardar tuƙi. Wanda ke zaune a baya yana jin abin da kai ba ka ji a gaba, kuma ransa ne a kan tayar kamar naka. Riɗi in ya jiƙe ana shanya shi.

Mun yi tafiya mai ɗan nisa ina gudu da hadari. Sitiyari ya yi nauyi, bayan motar yana ɗan lilo, na ce kaya ne. Sai tsohuwar ta nemi a tsaya ta kama ruwa. Na tsaya, na zagaya, na shuri tayar baya ta dama, na ɗora hannu. Zafinta ya kusa ɗaye mini fata. A wurin mai shayi an saba cewa in taya ta yi zafi iskarta ta kumbura, sai a rage mata kada ta fashe. Kowa na faɗa, ni ma na sha faɗa wa na ƙasa da ni. Na tsuguna, na zaro tsinken ashana, na danna bawul. Tayar da yunwar iska ke kashewa, na ƙara cire mata.

Mahaifiyarka tana kallona daga saman buhuna. Ta ja tob ɗinta, mayafin nan nata, ta rufe rabin fuskarta, ta kau da kai. Na riga na rufe mata baki tun a mahaɗar hanya.

Ba mu yi nisa ba daga nan. Na ji ƙara kamar an harba bindiga, motar ta wulga, ta bar zalat, ta kife sau ɗaya ta kwanta a gefe. Mazan uku sun yi tsalle ko an watso su, sun tashi da karaya da ƙujewa. Tsohuwar ta rungume ka, shi ya sa goshinka kawai ya tsage. Mahaifiyarka buhuna ne suka danne ta. Da hannu ɗaya na riƙa jan su, riɗi yana zubo mini a ƙafa. Kafin a fito da ita ta cika. Hadarin da nake gudu kuwa ya watse, ko ɗigo bai sauka ba ranar.

Ga abin da ban sani ba sai daga baya, ka karanta shi sau biyu. Gaskiya ne iska tana ɗan hawa in taya ta yi tafiya ta ɗumama, amma waɗanda suka ƙera ta sun san da haka, ba ya fasa ta. Abin da ke fasa taya shi ne ƙarancin iska a ƙarƙashin kaya mai nauyi da gudu. Gefenta yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, kamar yadda kake lanƙwasa waya gaba da baya har ta yi zafi ta tsinke. In ka rage wa taya mai zafi iska, ka ƙara mata lanƙwasa, ka ƙara mata wuta. In ka taɓa taya ka ji zafinta ya wuce misali, ka nemi inuwa ka tsaya, ka sha ruwa, ka bar ta ta huce da kanta, sannan ka gwada da mizani. Kada tsinke ya ƙara zuwa kusa da bawul ɗinka da rana tsaka. Na roƙe ka don Allah, don Annabi.

Ranar sadakar uku Usta Bashir ya zo gaisuwa. Ashe ya je inda motar take, ya juya ragowar tayar, ya ga cikinta ya ƙone ya zama gari. Tsohon direba ba ya bukatar a ba shi labari. Ya jira mutane suka ragu, ya matso kusa da tabarmata, ya ajiye mini wani abu a gabana. Mizanin ne, yana nan a naɗe cikin takardarsa yadda ya ba ni.

Ya ce, “Na tsinto maka kayanka a durowa.”

Iyakar abin da ya ce ke nan. Har ya koma ga Allah bai gaya wa kowa ba, kuma bai ƙara zama ya sha shayi da ni ba.

Masu gaisuwa suka yi ta cewa ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na san da ƙaddara, na yi imani da ita, amma na san kuma hannun da ya riƙe tsinken. Wasu suka ce tayar ce tsohuwa, suka ɗora laifin a kan mutumin da ya sayar mini da ita. Na yi shiru na bar su. Direbobi suka daina zuwa wurinsa, ya tattara ya koma Fau, can ya rasu ban nemi gafararsa ba. Tayarsa lafiya lau take. Ka ga abin da shiru ke yi: na kashe mutum ɗaya da tsinke, na kori wani daga garinsu da rufe baki. In ka yi kuskure a hanya ka faɗe shi tun da zafinsa, ko da za a kore ka daga aiki. Ni na ɓoye nawa, ga shi ya ruɓe a cikina shekara ashirin.

Kuskuren da ya fi kusa da kai shi ne na ƙarshe. Ka tuna ranar da na same ka a wurin mai banshar na bakin tasha, kana kallon yadda ake cire taya, na jawo ka har gida na zane ka da igiyar buhu? Kana kuka kana tambaya me ka yi, ni kuwa ban ba ka amsa ba, domin amsar ita ce wannan takarda. Gwaggonka ta ce mini yaron nan jininsa na mota ne, ka koya masa da kanka tun da ka iya. Na ce ba za a ƙara ambaton mota a gidana ba. Na zaci in na toshe ƙofa na tsare ka. Sai ka fita ta taga, ka je ka koya a wurin irin mutanen da suka zuga ni, suka ba ka ƙafa da tsinken ashana. Abu ɗaya tak na sani a duniya wanda zai amfane ka, na saye shi da ran mahaifiyarka, kuma shi ne na hana ka.

Yanzu ga ka za ka hanyoyin Hawata, lokacin yankan riɗi, lakar ita ce dai, ranar ita ce dai. Tun da yaƙin nan ya cika gari da baƙi, kowace mota tana ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta, tayoyin kasuwa kuma yawanci an gama cin amfaninsu a wani wuri. Za a loda maka mutane a kan buhuna, mata da yara, kowa da wanda ke jiransa a gida. Ni idona ya fara rufewa, rubutun nan ma kwana biyu na yi a kansa. Ba na jin zan ga ranar da za ka dawo ka zauna a rumfar nan mu yi hira kamar ɗa da uba. Na cire rai da wannan. Bayan abin da ka karanta ma, ban ga yadda za ka so ganin fuskata ba, kuma ba zan ga laifinka ba. Ban rubuto don ka yafe mini ba. Wadda ke da haƙƙin yafewa ban ba ta damar buɗe baki ba.

Yanzu ka kwance ƙunshin. Shi ne mizanin Usta Bashir. Jiya na warware takardar a karo na farko, na kai shi aka gwada da na wani mai banshar da na yarda da shi, yana nan daidai. Kada ka sa shi a durowa. Ka sa shi a aljihun gaban rigarka, inda zai riƙa tokarar ƙirjinka.

Kana ƙarami ka sha tambayar gwaggonka ko mahaifiyarka ta bar maka wata magana. Takan ce ba ta samu dama ba. Ta bari, ni ne na riƙe. Ita ce maganarta ta ƙarshe da na ji, kuma kana cinyar tsohuwar nan lokacin da ta faɗe ta, ta gefen tagar da kake. Duk ranar da ka fito daga laka, ka ga layi a wurin mai banshar, hadari na haɗuwa, maigidanka na kiran wayarka, ka manta da ni in ka so, ka ji tata: ka tsaya a mayar da iskar, ai ba gudu garin yake yi ba.

Allah ya jiƙan Asiya, ya sa ta huta. Allah ya kiyaye hanya, ya raba ka da gaggawa da zugar mutane, ya sauke ka lafiya duk inda ka nufa, kai da waɗanda ke bayanka. Na bar ka a hannun wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalam.

Mahaifinka,
Idirisu